SHARHI: Kayan Sawa Daga Bakteriya: Auduga Ce Za Ta Ji A Jikinta Ko Fata?

A watan Afrilun 2024, masu bincike a kwalejin Imperial da ke birnin Landan suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya ta Nature Biotechnology. Sun samar da saman takalmi baƙi wuluk wanda ba a yanko shi daga fatar dabba ba, ba a saƙa shi a masaƙa ba, ba a kuma tsoma shi a rini ba. Ƙwayoyin bakteriya ne suka gina shi a kan wani mazubi mai siffar ƙafa cikin kimanin mako biyu, sannan su da kansu suka ba shi launi, domin an sauya musu halitta ta yadda za su riƙa fitar da sinadarin melanin, irin wanda ke sa fatar mutum da gashinsa duhu.

Shekara guda kafin nan, kamfanin kayan ado na Ganni da ke ƙasar Denmak ya baje kolin wata rigar kwat da wata jakar hannu ta mata da aka yi da irin wannan abu, wato selulos na bakteriya. Tun daga lokacin ake ta yayata cewa ranar da za a daina dogaro da gonar auduga da rijiyar man fetur wajen tufatar da jama'a ta kusa. Sai dai duk wanda ya bi diddigin inda kamfanonin ke zuba kuɗinsu zai ga cewa kasuwar fata suka fara hara. Wannan ne ya sa batun ya shafi Najeriya, ƙasar da ta daɗe tana sayar wa Turai fatun awaki da tumaki.

Yadda ake noma shi

Selulos shi ne sinadarin da ya gina jikin tsirrai. Kusan dukkan zaren auduga selulos ne, haka ma takarda. Wasu nau'o'in bakteriya, musamman dangin da masana ke kira Komagataeibacter, su ma suna iya yin sa. Idan aka zuba su a ruwa mai zaƙi da ɗan tsami, aka ajiye a wuri mai ɗumi kimanin digiri 30 a ma'aunin salshiyos, sai su riƙa cin sukarin suna fitar da wasu siraran zaruruwa waɗanda suka fi zaren tsirrai siranta kusan sau 100. Zaruruwan suna sarƙewa su zama yana a saman ruwan, kamar yanar da ke taruwa a kan dafaffiyar madara. Bakteriyar na buƙatar iska, shi ya sa take gina yanar a sama domin ta zauna a kai, ta kuma kare kanta daga bushewa.

Cikin mako biyu zuwa uku yanar kan yi kauri ta zama kamar tsokar nama mai santsi. Daga nan sai a ɗauke ta, a wanke da ruwan soda domin kashe ƙwayoyin da kawar da wari, sannan a shanya. Kimanin kashi 99 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, saboda haka abin da ke saura bayan bushewa ɗan falle ne mai kama da siririyar fata ko takarda mai ƙwari. Yanar tana ɗaukar siffar duk mazubin da aka raine ta a ciki, kuma gefunanta kan manne da juna idan aka haɗa su da danshi. Wannan ne ya ba masu zanen tufafi sha'awa, domin ana iya samun yanki daidai da awo ba tare da ƙyallayen da ake zubarwa a shagon tela ba.

Daga kwanon kayan zaƙi zuwa shagon ado

Ilimin ya tsufa. Tun a 1886 wani masani ɗan Ingila, Adrian Brown, ya gano cewa yanar da ke taruwa a kan ruwan khal selulos ce. A ƙasar Filifin kuwa, wata masaniyar kimiyya mai suna Teodula Kalaw Africa ta fito da hanyar raino wannan yana a ruwan kwakwa a 1949, aka sa wa abin suna nata de coco, ana yanka shi ƙanana ana ci a matsayin kayan zaƙi. A 1993 Japanawa suka yi masa rububi, har ƙananan masana'antu suka cika ƙauyukan Filifin, kafin kasuwar ta lafa ta bar da yawa daga cikinsu da asara. Har yau mafi yawan selulos na bakteriya da ake samarwa a duniya a cikin kwano yake ƙarewa. Ragowar amfaninsa na musamman ne: likitoci na rufe ƙuna da gyambo da shi, kamfanin Sony kuma ya yi amfani da shi a cikin wata tsadaddiyar na'urar sauraron sauti ta kunne a 1989.

Wadda ta shigar da shi duniyar tufafi ita ce Suzanne Lee, mai zanen kaya da a lokacin take aiki a kwalejin Central Saint Martins ta Landan. A ƙarƙashin shirinta na BioCouture ta riƙa haɗa koren shayi da sukari da ƙwayoyin da ake tsima shayin kombucha da su, tana ɗinka riguna da abin da ya fito. Jawabin da ta gabatar a dandalin TED a 2011 ya yaɗa batun ko'ina. A cikin jawabin ta bayyana babban aibin kayan da bakinta: yana shan ruwa, wanda ya sa shi ruwan sama ya same shi, rigar za ta jiƙe ta yi nauyi har ɗinkinta ya soma saki.

Kamfanonin da suka biyo baya kowanne da hanyar da ya bi. Polybion na ƙasar Meziko, wanda ya samar da kayan kwat ɗin Ganni, yana ciyar da bakteriyarsa da sharar 'ya'yan itatuwa daga masana'antun sarrafa abinci a jihar Guanajuato. Malai da ke jihar Kerala ta Indiya yana karɓar ruwan kwakwar da masu sarrafa kwakwa ke zubarwa, yana gauraya yanar da zaren ayaba da makamantansa domin ta yi ƙwari. Modern Synthesis na Landan, wanda ya yi jakar Ganni, yana haɗa selulos ɗin da yadi na asali a matsayin ginshiƙi. Dukkan ukun abin da suke fitarwa falle ne da ake yin jaka da takalmi da walat da shi, wato gurbin fata.

Kamfanin Nanollose na Ostareliya ne ya nufi yadi kai tsaye. Shi narkar da selulos ɗin yake yi a sake murza shi ya zama zare, kamar yadda ake yi da ɓargon itace. Ya nuna rigar sanyi ta farko a 2018, sannan ya haɗa gwiwa da Birla Cellulose na Indiya. A gwajinsu na farko a matakin masana'anta a 2022, kashi 20 cikin 100 ne kawai na zaren ya fito daga bakteriya, ragowar daga itace. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan tafiyar da ke gaba kafin a yi maganar maye gurbin auduga.

Abin da ya sa ake neman madadi

Ƙungiyar Textile Exchange, mai tattara alƙaluman masana'antar tufafi, ta ce a 2023 an samar da tan miliyan 124 na zare a duniya. Kashi 57 cikin 100 poliyesta ne, wanda ake yi daga man fetur, ba ya ruɓewa, kuma yana sakin ɓurɓushin roba a ruwa duk lokacin da aka wanke shi. Auduga ta tashi da kusan kashi 20, ita kuma tana cin ruwa da maganin ƙwari. Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan ya ƙafe ne mafi yawansa saboda karkatar da kogunan da ke shayar da shi zuwa gonakin auduga tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Fata kuma ana zarginta ta fuska biyu: kiwon shanu da ke cinye dazuzzuka a ƙasashe irin su Birazil, da sinadarin kuromiyom da mafi yawan masana'antun jima na zamani ke aiki da shi.

Dokoki ma sun fara matsa lamba. A watan Yulin 2024 wata dokar Tarayyar Turai kan ƙera kayayyaki masu ɗorewa ta fara aiki. Ta sa tufafi da takalma cikin kayan da ake sa wa ido, ta kuma tanadi wata takardar shaida ta intanet da za ta riƙa bin kaya tana bayyana abin da aka yi shi da shi da inda ya fito. Wasu kamfanonin ba su jira doka ba. Ganni ya ɗauki alkawarin daina amfani da sabuwar fatar dabba a kayansa daga 2023. A irin wannan yanayi, abin da aka noma daga shara, ba a sare masa daji ba, ba a yanka masa dabba ba, kuma ƙasa za ta iya cinye shi bayan ya tsufa, dole ya samu masu saurare.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce abinci. Ruwan rainon da ake amfani da shi a ɗakunan gwaji, wanda masana biyu Hestrin da Schramm suka tsara a 1954, yana da tsada, kuma kuɗinsa na cin kaso mai tsoka na abin da ake kashewa. Shara ta fi araha, amma zaƙinta na bambanta daga kaka zuwa kaka, tana kuma lalacewa da wuri idan ba a kusa da masana'antar take ba. Kamfanin da ya koma sayen tsabar sukari kuwa ya koma gonar rake, wadda ita ma ƙasa da ruwa take ci.

Ta biyu ita ce wuri da lokaci. Tun da a saman ruwa kaɗai yanar ke fitowa, ƙara yawan kaya na nufin ƙara yawan farantai, dubbai a jere, kowanne na jiran makonni, kowanne fumfuna na iya lalata shi. Idan aka ce a zuba a manyan tankuna ana juyawa kamar yadda ake yi a masana'antun magani, sai selulos ɗin ya fito dunƙule-dunƙule maimakon falle, kuma a hankali ƙwayoyin da suka daina saƙa su rinjayi masu saƙa. Bayan haka ga kuɗin wutar da za a busar da abin da kusan dukkansa ruwa ne.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce gyara. Busasshiyar yana tana ƙandarewa ta tsage, jiƙaƙƙiya kuma tana kumbura. Sai an shafa mata mai ko kaki ko wani rufi kafin ta yi laushi ta kuma jure ruwa. Rufin da ya fi sauƙi da araha roba ne, da zarar an shafa shi kuma maganar ruɓewa a ƙasa ta sha ruwa. A 2021 cibiyar binciken fata ta FILK da ke Freiberg a Jamus ta gwada jerin kayan da ake tallatawa a matsayin madadin fata, har da wanda aka yi da kombucha. Babu ko ɗaya da ya kamo fata a dukkan ma'aunai, kuma an samu roba a cikin da yawa daga cikinsu. Ƙungiyar majeman Turai ce ta nemi a yi binciken, don haka masu suka na da abin faɗa, amma ƙorafin da ya taso bai gushe ba.

Ta huɗu ita ce jari. Kamfanin Bolt Threads na Amurka, wanda ya yi madadin fata mai suna Mylo daga saiwar naman kaza, yana da manyan abokan hulɗa irin su Adidas da Stella McCartney, amma a 2023 ya dakatar da aikin saboda rashin kuɗi. Renewcell na Suwidin, mai mayar da tsofaffin tufafi sabon zare, ya durƙushe a watan Fabrairun 2024 duk da cewa H&M na cikin manyan masu hannun jarinsa. Darasin a fili yake: manyan kamfanonin ado na son fitowa a hoto da sabon abu, amma idan aka zo sa hannu a kan sayen dubban mitoci a farashin da ya fi na roba, sai su ja da baya.

Abin da ya shafi Najeriya

A watan Afrilun 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da kafa hukumar bunƙasa auduga da masaƙu da ɗinki. Ƙasar da ta taɓa mallakar masaƙu sama da 170, ta kuma ga yadda Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da UNTL suka rufe ƙofa, tana da dalilin yin haka. Selulos na bakteriya ba ya cikin abubuwan da za su hana wannan yunƙuri nasara. Wutar lantarki, da fasa-ƙwauri, da rashin ingantaccen iri, da arahar poliyesta daga Asiya su ne abokan gabar manomin auduga a Funtuwa da Gusau, kuma su za su ci gaba da zama haka na tsawon lokaci.

Lissafin fata daban ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatauci ta Sahara, lokacin da Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. A yau masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa a Kano suna tura mafi yawan kayansu Italiya da Sifaniya, galibi ba a kammala gyara ba, a can ake ƙarasa su a yi jaka da takalmi a sa musu sunaye masu tsada. Masu sayen nan su ne dai waɗanda kamfanonin selulos ke zawarci. Kuma siririyar fata mai laushi ta ƙananan kayan ado, wadda ita ce ƙarfin Najeriya, ita ce sabon kayan ya fi kusa da kwaikwaya.

Haɗarin na kusa ya ma riga kayan isowa. Zuwan madadi, ko da bai kai fata inganci ba, ya ba mai saye damar gindaya sharaɗi. Zai tambayi inda dabbar ta fito, da sinadarin da aka jeme fatar da shi, da inda ruwan jimar ya kwarara. Gurɓatar kogin Challawa da ruwan masana'antu abu ne da masana a jami'o'in ƙasar nan suka daɗe suna rubutu a kai. Masana'antar da ba ta da amsa a rubuce za ta iya rasa ciniki tun kafin bakteriya ta saƙa abin da ya kai nata.

Akwai kuma dama. Masu yin takalma a Aba da Kano suna dogaro ƙwarai da fatar roba da ake shigowa da ita daga Sin, yayin da fatar shanu ke ƙarewa a tukunya a matsayin ganda. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, ɓawonsa da ruwan matsarsa na zuba a banza. Lemo da mangwaro na ruɓewa a Binuwai duk kaka, haka ma tsokar 'ya'yan kashu a Kogi bayan an cire ƙwallon. Zafin da bakteriyar ke so shi ne zafin ɗaki a mafi yawan sassan ƙasar. Sannan gyaran da ya gagari kamfanonin Turai, wato mayar da ɗanyen falle ya yi laushi ya jure ruwa ba tare da roba ba, aikin majema ne. Majeman gargajiya na Kano sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jima da bagaruwa, babu kuromiyom. Ko bagaruwa da man kaɗanya za su yi wa selulos abin da ake nema, tambaya ce da ɗakin gwaji zai iya amsawa da kuɗi kaɗan.

Abin da ya rage ga Abuja

Hukumomin da aikin ke buƙata suna nan. Akwai Cibiyar Nazarin Kimiyyar Fata ta Najeriya, NILEST, a Samarun Zariya. Akwai Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu, RMRDC, da Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi, da Hukumar Bunƙasa Fasahar Halittu, NBRDA. Yawancinsu ma a ƙarƙashin ma'aikata ɗaya suke, ta Ƙirƙira da Kimiyya da Fasaha. Akwai kuma manufar ƙasa kan fata da kayan fata, wadda aka ƙaddamar da tsarin aiwatar da ita a 2021. Abin da ake buƙata daga masu rubuta takardun shawara da masu tsara kasafi shi ne jera abubuwa bisa muhimmancinsu.

Na farko, kare kasuwar da ke hannu. Wurin tace ruwan masana'antun jima mai aiki a Kano, da tsarin bin sawun fata daga mayanka zuwa tashar jirgin ruwa, sun fi kowane sabon shiri gaggawa. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024 na da rawar takawa a nan, domin tun daga ƙuna da tabon fiɗa ake rasa darajar fata.

Na biyu, dokar suna. Italiya ta kafa doka a 2020 da ta hana kiran abin da bai fito daga dabba ba da sunan fata, Fotugal ta bi sahu a 2022. A kasuwannin Najeriya ana sayar da roba da sunan fata ba tare da fargaba ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki da hukumar kare haƙƙin masu saye za su iya tilasta bayyana abin da kaya ya ƙunsa. Hakan zai kare majemi da baduku yau, ya kuma kare mai selulos na gaskiya gobe daga masu shafa roba suna kiran kayansu na halitta.

Na uku, ƙaramin bincike mai wa'adi da ma'auni. Tambayoyi uku sun isa: wace shara ce ke ba da yana mafi yawa, nawa kowace mita za ta ci idan an haɗa da kuɗin wuta, kuma takalmin da aka yi da ita zai iya fita damina guda? A ba cibiyoyin kuɗin amsa su, a kuma wallafa sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Idan za a shigo da ƙwayoyin da aka sauya wa halitta irin na Imperial, dokar Hukumar Kula da Amincin Fasahar Halittu ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2019, ta riga ta tanadi hanyar neman izini.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne cinikin biri a sama. Ba da jimawa ba za a iya ganin masu neman kwangila ɗauke da hotunan rigar Ganni suna neman gwamnati ta gina katafariyar masana'anta. Kamfanonin da suka fi kowa sanin aikin, masu jari daga Landan da Meziko, har yanzu suna fama da farashi da yawan kaya. Ƙasar da ke sayo mafi yawan ɗanyen sukarinta daga Birazil ba ta da hujjar kafa masana'antar da za ta ciyar da bakteriya sukari, kuma kuɗin jama'a bai dace da cacar da masu kuɗin kansu ke taka-tsantsan da ita ba.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai yiwuwa a ɗauki shekaru kafin jakar selulos ta zama abin da ake gani a kowane shago a Milan, mai yiwuwa kuma ta tsaya a matsayin kayan masu kuɗi 'yan ƙalilan. Ko wanne ya faru, tambayoyin da zuwanta ya jawo kan asali da tsafta da sinadarai sun riga sun shiga takardun ciniki, kuma daga majeman Kano za a nemi amsarsu.